Abu na Bakwai a Takardar Shamsiyya

Ni Saude na yi abin kunya a Yako, kuma da ƙafata na je na kirawo 'yan kallo.

'Yata Shamsiyya tana kwaleji a Kano. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawa ɗaya, in ta ƙara korar ta za a yi. Saura mako biyu ta koma, na leƙa ɗakinta bayan azahar, na same ta zaune ido rufe. Ta ja numfashi, ta riƙe, ta saki a hankali. Ta dunƙule hannu, ta buɗe, bakinta na motsi.

Innalillahi! Na ce shi ke nan, iska ce. Na ruga gidan Malam Badruddeen, duk wadda ta tambaye ni a hanya kuwa sai na gaya mata, don bakina ba ya riƙe magana. Kafin mu iso mata sun cika tsakar gida, wata har ta fara hayaƙin habbatussauda.

Malam ya tsaya bakin ƙofa. "Shamsiyya, lafiya?"

Ta fito ta durƙusa, ta ga taron, ta sunkuyar da kai. "Lafiya lau, Malam. Ina karatu, amma da an ajiye min takardar tambaya sai hannuna ya kama rawa, komai ya ɓace min. Malamar ba da shawara ta makarantarmu ce ta sa na rubuta abubuwan da ke tsorata ni, daga ƙarami zuwa babba. Kullum sai in ɗauki ɗaya in kawo shi a raina, ina numfashin nan har jikina ya saki."

Malam ya ce, "Ai wannan magani ne. Ku watse, don Allah."

Da suka fita, kunya ta koma min faɗa. "To ba sai ki faɗa min ba? Ina takardar?"

"Inna, bar ta."

Na fizge ta daga hannunta. Na yi yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi. Na farko, shiga ɗakin jarrabawa, ta soke shi. Na biyu, mai tsaron jarrabawa ya tsaya a kanta, ta soke. Shida duk ta soke. Na bakwai ne ya rage, na ƙarshe: "Dawowa gida in gaya wa Inna na sake faɗuwa."

Na zauna a bakin gadonta. Na kasa kallon ta.

"Kwana nawa kina gwada wannan?"

"Tara, Inna. Jikina ya ƙi saki."