Ƙaramin Batirin Madabod

Mijina mai gyaran kwamfuta ne, kuma da kunne yake aiki. A kawo masa na'ura, kafin ya taɓa sukundireba sai ya kara kunne a jikinta, ya ce fanka ce, ko ya ce wuta ce ba ta isa. Sau da yawa yakan dace, shi ya sa ba a iya musu da shi a gida.

Tsohuwar kwamfutar da muke kallon fim da ita a falo kuwa ta hana shi sakat. In aka kunna ta sai ka rantse injin niƙa ne a bayan talabijin. Ni ban damu ba, ƙara murya nake yi. Shi ko sai ya yi ta tsaki har fim ya ƙare.

Ran wata Asabar ya shigo da kwali a hammata, baki har kunne. Ya baje kaya a kan kafet, ya ɗaga mini wani faranti kore mai wayoyi.

"Madabod ne," ya ce. "A kansa komai na kwamfuta yake zama. Amma wannan ƙwaƙwalwar laftof aka dasa masa. Ba ya cin wuta, ba ya zafi sosai, saboda haka ba ruwansa da fanka. Shiru za ki ji."

"To Allah ya sa tsakin ma ya tafi da fankar," na ce.

'Yarmu, wadda yake kira Gimbiya, shekararta biyu da 'yan watanni, tana zagaye shi tana leƙa kwali. Na ce ya bari in ɗauke ta. Ya ce in bar masa injiniyarsa. Na shige kicin.

Daga can ina jin shi yana mita. Hoto ya ƙi fitowa a talabijin. Da na kawo masa ruwan zafi na tarar ya ciro wani ɗan batir daga jikin madabod ɗin, mai sheƙi, faɗinsa kamar maɓallin riga. Ya ce haka suke yi: a cire shi na ɗan lokaci, na'urar ta manta duk saitin da ya rikice, sannan a mayar. Ya ajiye shi a murfin kwali tare da ƙananan kusoshi.

Ba a jima ba na ji ya tafa hannu. Hoto ya fito. Ya rufe akwatin na'urar da sauri, ya tura ta ƙarƙashin talabijin, ya kira ni in zo in ji shiru.

Lokacin abincin rana Gimbiya ta ƙi ci. Cokali ɗaya ta karɓa ta tofar, yawu na bin haɓarta. Na ce haƙori ne. Na goge mata baki, na kwantar da ita a doguwar kujera a bayanmu, muka zauna ƙasa muka sa fim.

Gaskiya abin ya yi kyau. Har takun ƙafa a fim ana ji. Sai dai ba mu yi nisa ba ya ɗaga hannu ya tsayar da hoton.

"Kin ji?"

Na saurara. Wani siririn fito ne, yana zuwa yana ɗaukewa.

Ransa ya ɓaci. Ya ce ya san wannan ƙarar, wasu ƙananan abubuwa ne a jikin madabod suke kuka in wuta na bi ta cikinsu, kuma an ce masa wannan ba ya yi. Ya rarrafa ya kara kunne. Ya ce daga hagu ne. Ya jawo na'urar, ya ce a'a, daga wajen caja ne. Ya canza caja. Fiton na nan. Ya cire sifika, ya kashe talabijin, ya sa ni in je in kashe firij. Ina ta yi masa dariya, ina ce masa ya sayi shiru an haɗo masa da sarewa.

Daga ƙarshe ya zare wayar na'urar daga bango gaba ɗaya. Muka yi tsit.

Fiton bai tsaya ba.

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce wani lokaci wuta kan yi saura a ciki, ya mayar da wayar, ya kunna talabijin don ya duba saiti. Sai na ga ya ƙura wa kusurwar allo ido. Kwanan watan da ke wurin na shekarun baya ne, tun kafin mu yi aure.

"Ta manta lokaci," ya ce a hankali. "Ban mayar da batirin ba."

Ya jawo murfin kwali. Kusoshi na nan. Ya zazzage kwalin, ya ɗaga gefen kafet, ya shafa ƙarƙashin tebur da tafin hannu. Ni kuwa ban taya shi nema ba, domin na riga na juya baya.

Gimbiya na kwance idonta biyu. Matashin da ke ƙarƙashin kumatunta ya jiƙe sharkaf. Duk numfashin da ta ja, ramin wuyanta sai ya lotsa, fiton ya fito.

Na durƙusa na buɗe mata baki, zan sa yatsa. Ya riƙe mini hannu.

"Kada ki sa ta amai. Ɗauko ta."

"Ba zai wuce ba ne? Yara na haɗiye kwabo ya fita."

"Wannan ba kwabo ba ne. Sabo ne, cike yake da wuta. Na ga abin da yake yi wa ƙarfe in ya sami danshi."

Ban tambaye shi me yake yi wa ƙarfe ba. Ban so in sani ba.

Maƙwabcinmu direba ne, yana wanke mota a ƙofar gida. Ya kalli fuskokinmu ya yar da soso. A hanya na rungume ta a zaune, ba ta kuka, kuma rashin kukan ne ya fi ba ni tsoro. Ina jin fiton a jikin wuyana. Duk inda mota ta tsaya sai in ji kamar in fita in ruga da ƙafa. Babanta na gaba, hannunsa a kan ƙofa, bakinsa na motsi da addu'a.

A asibiti ya ce "batir" kawai, sai ma'aikaciyar jinya ta bar layin mutane ta karɓe ta daga hannuna. Aka ɗauki hoton ƙirji. Likitar, wata mace mai gilashi, ta nuna mana wata farar da'ira a ƙasan maƙogwaro.

"Tun yaushe?"

Muka dubi juna.

"Ina bukatar in sani. Tun yaushe?"

"Kafin abincin rana," na ce. A lokacin rana ta fara yin sanyi. Likitar ta juya tana ba da umarni, aka tura gadon ta wata ƙofa da ba a bar mu mun bi ba.

Muka zauna a benci. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce masa, "Baban Gimbiya, ba yanzu ba." Ba haushinsa nake ji ba, ko kuma ina ji, ban sani ba. Ni ce na ce haƙori ne. Duk ƙofar da ta motsa sai in miƙe tsaye.

Da likitar ta fito, tana riƙe da ƙaramar kwalba. Abin da ke ciki ya yi baƙi, gefensa ya zaizaye.

"Mun ciro shi," ta ce. "Amma ya ƙona hanyar abinci. Ƙunar irin wannan takan ci gaba ko bayan an cire, sai mun sa mata ido na kwanaki. Kada komai ya bi ta bakinta. Ko ɗigo. In ya sami rami ya shiga ƙirji, ba zan iya yi muku alkawarin komai ba. Kun gane?"

Muka ce mun gane.

Aka kai mu wurinta. An sa mata roba a hanci, an ɗaure hannunta da allurar ƙarin ruwa. Leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ta buɗe ido ta gan ni, ta ga gorar ruwan da ke hannun matar gadon kusa, ta miƙa hannu.

"Mama," ta ce, da wata murya da ba tata ba. "Ruwa."

Babanta ya juya ya fita. Na matsa na tare tsakaninta da gorar, na kama ɗan hannun na riƙe.

"Ruwa, Mama."

"A'a, uwata," na ce.

Ta dube ni, ba ta gane ba, ta sake roƙo.