Fawa Bankin da Ya Fi Kowanne Nauyi

Jiya da dare, bayan na cika cikina da tuwon shinkafa da miyar kifi, na yi wani mafarki. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai, kada ku ɗora wa kifi laifin duka.

Ina da wata tsohuwar waya. Fuskarta ta fashe, rabinta ba ya jin yatsa, maɓallin kunna ta kuma ya fice tun bara. Mai gyara ya juya ta ya ce, "Tanimu, ranar da cajin wannan ya ƙare ƙaf, sai dai ka haƙa mata rami." A cikinta akwai saƙon murya guda na mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma ba halin in tura shi ko'ina. Ba addu'a ba ce, ba wasiyya ba. Faɗa yake min a kan wata tocila da na taɓa sayo masa, wadda ta mutu tun kafin ya kai ta bakin ruwa. Cewa yake, "Kai Tanimu, ko tsinken sakace aka aike ka saye, sai ka sayo na jabu." Muryar Baba da ta rage a duniya ke nan, kuma ina son ta fiye da yadda zan iya faɗa. Ga shi jibi zan bi jirgin ruwa daga Yauri zuwa suna a tsibirin su gwaggona, inda babu wutar lantarki. Dole in sayi fawa banki, ɗan akwatin nan mai ajiye caji. Ni kuma na san halina a kasuwa.

Sai na gan ni a bakin kogi da rana tsaka. Ana ruwan sama, amma daga kogi yake tashi yana hawa. Mutane sun kifa lema ƙasa suna tafiya a cikinta, mata kuwa sun shanya wanki a ƙarƙashin kwale-kwale don can ne kaɗai ba ya jiƙa. Na duba wayata, cajin ya yi ja.

A gindin wata tsamiya akwai tebur, a bayan teburin wani bunsuru ne da tabarau yana taunar igiyar caja. Shi ne shugaban ofishin caji na ruwa. Ban tambaya ba, warinsa ne ya gaya min.

"Ina zuwa?" in ji shi.

"Tsibiri, ranka ya daɗe."

"Da rai ko da kaya?"

"Da waya."

"To ba a shiga jirgi sai da fawa banki. Biyo ni kara."

Kara kuwa irin ta dabbobi ce sak. An ɗaɗɗaure fawa bankuna a turaku, suna cin dusa, wasu na tunkuyin juna. Masu saye suna buɗe musu baki suna duba haƙora, suna ɗaga musu igiya ta baya. Bunsurun ya cire tabarau ya zama dillali, ba tare da ya canja kujera ba.

Ya nuna min wani baƙi mai gilashi a gadon baya. "Wannan da hasken rana yake ci. Sai dai ba ya son zafi, a inuwa kawai yake yarda."

Ya nuna wani mai bakuna huɗu. "Wannan na mai iyali ne. Baki ɗaya yana ba da caji, ukun suna tambayar yaushe za a dawo da shi."

"Wanda ruwa ba ya yi wa komai fa?" na tambaya, don na nuna ni ma na san kaya. "Jirgi zan shiga."

"Akwai. Ya iya iyo sosai. Da kun kai tsakiyar kogi zai faɗa ruwa ya koma gidan su."

Can gefe akwai wani ɗan siriri, fari, ya tsufa, yana kwance shiru bai ko ɗago kai ba. Bunsurun ya wuce shi, ni ma na wuce shi. Idona ya riga ya faɗa kan wani ƙato mai sheƙi, an yi masa rubutu da ruwan gwal har a ciki. Na cicciɓe shi, sai da bayana ya yi ƙara. Na ce a raina, abin da ya yi nauyi haka ai caji ne danƙare a ciki.

"Wannan," na ce.

Bunsurun ya dube ni da girmamawa. "Lallai ka gaji ido," in ji shi. Sauran awakin ofis suka miƙe tsaye suka yi min tafi da kofato.

Sai ga mu a cikin jirgi. Jirgin yana tsaye cak, gaɓar kogin ce ke tafiya, tana wucewa da bishiyoyinta da masu wanki. Mai jirgin, wani dogo da ake kira Ɗanjimma, yana tuƙi da ludayi saboda injin ya yi barci kuma ba a son a tashe shi. Na zauna a tsakiya da fawa bankina a cinya, ina jin kaina kamar wanda ya sayo ragon layya tun kafin maƙwabta.

Nan da nan fasinjoji suka gano ni. Wata tsohuwa ta matso ta ce, "Ɗan nan, ɗan sa min gwiwata ta ɗauka, tun safe take nuna ja." Wani ango ya miƙo min murmushinsa, wai ya kusa ƙarewa kuma dangin amarya na jira a gaba. Wani mai rediyo ya ce ba rediyon yake so a caja ba, labaran ne suka yi sanyi. Duk na hana. Na ce kowa ya je ya zaɓo nasa, ai kara ba a rufe take ba. Ban taɓa jin daɗin rowa irin na ranar ba.

Na jona wayata. Fawa bankin ya buɗe ido ɗaya, ya kama igiyar ya fara tsotsa. Ɗan jan da ya rage a wayar ya soma sirancewa. Na ja, ya ja. Na dake shi da takalmi, ya yi gyatsa.

"Malam," in ji Ɗanjimma, bai ko waiwayo ba, "kayanka yana karkatar min da kogi."

Gaskiya ne. Kogin duka ya jirkice gefe guda, kifaye suna gangarowa suna ba da haƙuri. Sai cikin fawa bankin ya tsage. Ba batir, ba waya, ba komai a ciki sai yashi. Yashi ya yi ta zuba, ya cika jirgi, ya zuba a ruwa, ya yi tudu, tudun ya yi faɗi har ciyawa ta fito a kansa. Tsohuwar nan ta ce, "Allah shi ƙara," ta sauka da gwiwarta a hannu.

A kan tudun yashin wani mutum na zaune yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya ba ni baya, amma na san wannan ƙeyar. Na sha kallon ta a gaban kwale-kwale tun ina yaro.

"Baba?"

"Me ka sayo?" ya ce, bai daina ɗinki ba.

Na nuna masa fasasshen akwatin. Ya karɓa, ya kaɗa shi a kunne, sauran yashin ya zubo masa a kafaɗa.

"Ɗan farin nan da ke kwance a gefe fa? Bai yi maka ba?"

"Ba shi da nauyi, Baba."

"Uhum. Kai ma ai da nauyinka aka haife ka."

Sai na lura da abin da yake haska komar da shi, da rana tsaka. Tocilar nan ce. Tana ci fes, har tana kashe ido.

"Baba, ai wannan ta mutu."

"To ni fa?" in ji shi. "Duk abin da ya mutu a wajenku nan yake zuwa ya kama aiki. Agogon da ka sayo min ma yana nan, shi ke tashe mu. Fankar nan da ka kai wa uwarka, har layi ake yi mata. Kaf nan ba wanda ɗansa ke aiko masa kaya kamar ni."

Wayar ta yi ƙara a hannuna, ɗit-ɗit. Jan ya zama kamar zare. Baba ya ajiye koma ya miƙo hannu.

"Bar ta ta mutu ta zo nan. In share wancan faɗan, in sa maka albarka a madadinsa, mai tsawo, da sunanka da na 'ya'yanka."

"In ta zo nan, ni a ina zan ji?"

"Wannan kuma ba ofishina ba ne. Tambayi bunsuru."

Na damƙe wayar a ƙirji da hannu biyu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a ranar da muka kai shi makwanci, don a ranar ina da muryarsa a aljihu.

"A'a, Baba. Bar min faɗana. Shi nake ji in zan fita, shi nake ji in na dawo. Shi kaɗai ya rage min."

Ya ɗaga tocilar ya haske min fuska, ya daɗe yana kallo. Ruwan nan mai hawa sama ya ratsa tsakaninmu, wani ya tashi daga idona ya bi sahu.

"Ka gani ko?" ya ce. "An ajiye maka albarka, an ajiye maka zagi, ka ɗauki zagi. Har yanzu ba ka iya zaɓe ba." Ya koma ga ɗinkinsa. "Allah shi yi maka albarka, shashasha. Tashi, wayarka na kuka."

Ɗit-ɗit.

Na buɗe ido. Gari ya waye, matata Tasalla na shara a tsakar gida, wayar kuma tana gefen katifa tana kukan yunwa. Ashe na jona ta a caja na kwanta, ban danna makunnin bango ba. Na yi tsalle ɗaya na danna, har na taka kwanon tuwon jiya. Alamar caji ta fito. Na zauna a ƙasa da miya a ƙafata, na lalubi ɗan gefen fuskar da ke jin yatsa.

"Kai Tanimu," in ji Baba.

Na ce, "Na'am."