Watandar da Na Zuba wa Kananzir

Da na gama makarantar koyon lafiyar dabbobi a Dharan, gida na nufa. Abokan karatuna kowa ya kama gabansa, wasu sun tafi manyan gonakin aladu na Jhapa, wasu suna can suna bin layin fasfo. Ni na ce ba inda za ni. A ƙauyenmu babu gidan da ba alade, kuma babu mutum ɗaya da ya iya riƙe sirinji. In ba a can karatuna zai yi amfani ba, a ina zai yi? Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: in zauna a gidanmu, in yi aikina cikin mutanena, in riƙa kwana ɗaki ɗaya da Gwaggo Sancamaya.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni tun ina rarrafe, da iyayena suka rasu, kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Abin da ta mallaka a duniya shi ne 'yar gonar gero a jikin tsauni da wata baƙar uwar alade mai dogon baki. Duk haihuwar da uwar aladen nan ta yi, makarantata ce ta cinye 'ya'yan. Gwaggo ba ta sa mata suna ba, "waccan" take ce mata, amma da ita take hira. Kullum da yamma sai ta dafa mata ganyen gwaza da dusa da tsakin tongba, wato giyar geron da ake yi a wajenmu, ta jingina da shinge tana ba ta labarin wanda ya ɓata mata rai a ranar.

Farkon dawowata, tsiya kawai na sha. Kawu Aitaraj, dattijon unguwarmu, wanda duk aladen da za a soke shi ake kira, in ya hango ni da jaka da dogon takalmin roba sai ya dafe ƙugu.

"Likita, zo ki duba ni. Ni ma kwana biyun nan dusa nake sha'awa."

"Juya, Kawu, allurar a cinya ake yinta."

"Ke Ningwa, bakinki bai yi karatu ba, yana nan yadda kika tafi da shi."

Ana dariya, amma a hankali aka fara kirana. Wannan aladensa na da tsutsar ciki, wancan yana son a fiɗiye masa, wata tata ta kasa haihuwa. Wani ya ba ni kuɗi, wani kwanon masara, wani ya ce sai an sayar. Ban damu ba. In na bi hanya na ji an ƙwala mini kira daga wani gida, sai in ji kaina ya kumbura. Na yi farin ciki a watannin nan, gara in faɗa tun yanzu.

Da damina ta kankama, labari ya zo cewa zazzaɓin aladu ya shiga garuruwan ƙetaren kogi. Ba ya da magani, ba ya da rigakafi. Na bi gida gida ina cewa kada a sayo nama daga can, kada a zuba wa aladu ruwan wankin nama. Kowa ya ce to.

Wata safiya waccan ta ƙi tashi. Gwaggo ta buga kwano a jikin shinge, ko kunne ba ta motsa ba. Na shiga na duba. Jikinta ya ɗau zafi rau, bakin kunnuwanta ya yi duhu, ƙasan cikinta duk jajayen tabo. Hotunan da aka nuna mana a aji ke nan sak.

"Gwaggo, ina jin shi ne."

"Shi wa?"

"Zazzaɓin nan. Kada kowa ya shigo, kada kowa ya taɓa ta. In ta mutu binne ta za mu yi."

Gwaggo ta dube ni, ta dubi aladen, ta ɗauke kwanonta. Na ɗauka ta yarda. Na ɗebi jini a kwalba, na hau saman tsauni inda waya take kamawa, don in sanar da ofishin dabbobi na gunduma. Aka ce in kawo jinin, in kuma tabbatar ba a ci naman ba.

Tun daga gangare na hango taron mutane a tsakar gidanmu. Ko da na iso, Kawu Aitaraj ya riga ya soke ta. Tana kwance a kan ganyen ayaba, maza sun tara ciyawar babbaka, mata sun jeru da kwanoni. Watanda za a yi, kamar yadda ake yi tun kakanni: alade ya kama hanyar mutuwa, a gaggauta soke shi, kowane gida ya ɗauki kashi, ya ba mai shi abin da ya sawwaƙa, a haɗa a saya masa ɗan ƙarami. Gwaggo ba ta taɓa ƙin karɓar kashin kowa ba, ko da ranar ba ta da gishiri. Yau ranarta ce.

"Kawu, ku tsaya. Ba za a raba naman nan ba."

"Ga likita ta iso. Kawo kwano, ke za a ba hanta."

"Ba wasa nake ba. Ku ba zai yi muku komai ba, na sani. Amma kowa zai kai gida ya wanke, ya zuba wa aladensa ruwan, ya jefa masa ƙashi. Kafin a yi girbi ba sauran alade ko ɗaya a garin nan."

"Yarinya, tun ba a haifi ubanki ba nake soke aladu. Wannan guba ta ci a ciyawa. Kin ga sakamakon jinin ne?"

"Ban kai ba tukuna."

"To ba ki sani ba ke nan."

"Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba."

Wata daga cikin matan ta ce, "Haba Ningwa, matar da ta yi miki komai? Asarar ma ba za ki bari a rage mata ba?"

Na juya wajen Gwaggo. Tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da nata kwanon, ta ƙi kallona. Kawu ya tsuguna yana wasa wuƙa a dutse, kamar ban yi magana ba. Wannan wasa wuƙar ce ta ƙarasa ni. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni a lokaci ɗaya. Galan ɗin kananzir da aka kawo don tada wutar babbaka yana gefen ciyawa. Na ɗauka na kwance murfin, na tuttule shi a kan aladen tun daga kai har wutsiya, na ɗura sauran a ramin da aka soke ta.

Ba wanda ya yi ihu. Da an zage ni da ya fi mini. Kawu ya miƙe ya goge wuƙarsa a wando.

"Abinci kika zuba wa kananzir," ya ce, "a gaban mutane."

Matan suka kife kwanoninsu suka fice ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Ni kaɗai na haƙa ramin binne ta. Na yi shi dab da inda take kwance, ta ƙasa, don ba mai taya ni ɗauka. Ƙasar ta jiƙe, tana manne wa fartanya, hannuwana duk suka yi bororo. Na sa gora na tura ta ta mirgina ciki, na bi da farar ƙasa, na rufe. Na ƙone ganyen ayabar da katakon shingen. Mutane na wucewa ta hanyar sama da kwandunan ciyawa, kowa ya leƙo ya ɗauke kai.

Washegari na kama hanyar gunduma da kwalbar jinin. Dutse ya zaftare ya rufe titi, mota ba ta wucewa. Da ƙafa na zagaya, kafin in isa jinin ya lalace, ba abin da za a gani a ciki. Har yau ɗin nan babu wanda zai iya cewa ga abin da ya kama waccan. Ni dai na san abin da idona ya gani, kuma in an maido ni wannan safiya zan sake ɗaukar galan ɗin.

Daga nan na zauna jira. Damina ta wuce, aka yi girbi, alade ko ɗaya bai mutu a ƙauyenmu ba. Wai sai wannan ya zama laifina.

"Ina annobar, likita?" in ji Kawu Aitaraj a bakin famfo. "Nawa har ya ƙara ƙiba. Ko ta tsaya ne a inda dutse ya rufe hanya?"

Me zan ce masa? In ce don na binne ne ba ta zo ba? Ai da aladunsu sun ƙare da yanzu ni ce mai gaskiya. Wani lokaci in na kwanta har kunyar kaina nake ji, don nakan kama zuciyata tana fatan ko guda ɗaya ya faɗi.

Kira ya ɗauke. Mai son fiɗiya ya koma wajen Kawu da rezarsa, mai tsutsar ciki ya koma wa jiƙon saiwa. In na doso gida sai a ja ƙyauren shinge, wai kada in gano wani ciwo. Jakata ta yi ta rataye a ƙusa har gizo ya yi mata saƙa. Gwaggo kuwa ba wanda ya kawo mata ko ƙwayar gero, tun da ba wanda ya ci. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Za ta tuƙa tuwo ta zuba mini, mu ci, ba abin da ake ji sai ƙarar kwano. Da yamma, lokacin da take dafa wa waccan abinci, sai ta fita ta zauna a kan dutse ta zuba wa inda shingen yake ido. Ni ina ɗaki, ita tana waje, ga mu biyu a gida amma ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba.

Wata ƙawata ta makaranta ta kira ni, ta ce gonar da take aiki a Jhapa ana neman mai kula da ɗakin haihuwar aladu. Albashi mai kyau, ga ɗaki, ga ƙarin horo. Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri: ma'aikaci ba ya shiga gidan da ake kiwon alade, ko na uwarsa ne. Wanda ya shiga, ya bar aiki.

Na gaya wa Gwaggo tana tsince wake.

"Ko na uwarsa?" ta ce.

"Haka suka ce."

"Kaza fa?"

"Kaza ba komai."

Ta ci gaba da tsinta. Na tsaya ina jira ta ce ina za ki ki bar ni. Da ta faɗa, da na zauna, ko da kuwa ba wanda zai sake kirana har in tsufa.

"Ki je," ta ce. "Karatu ba na ajiya a ƙusa ba ne."

Na tafi. Aladun can farare ne tas, lamba gare su a kunne, ba mai yi musu hira. In za ka shiga sai ka yi wanka ka sauya kaya, in za ka fito ma haka. Aikin ya karɓe ni, har aka fara turo mini sababbin ɗalibai in koya musu karɓar haihuwa. In na tashi, in ci shinkafa ni kaɗai a bakin gado, in buɗe taga ina neman tsauni, ba komai sai filin shayi. Abin da ya riƙe ni shi ne gidanmu babu alade, don haka ƙofarsa a buɗe take gare ni.

Hutuna na farko ya faɗo daidai bikin sabon hatsi. Na saya wa Gwaggo mayafin ulu mai kauri, na hau motar safe. Daga inda mota ta sauke ni na haura da sauri, har ina haki kamar baƙuwa. Na kusa kwanar gidanmu sai na ji kuka, siriri, na wanda aka yaye bai daɗe ba. Na tsaya. Na ce a raina na maƙwabta ne. Na ƙara gaba, sai ga sabon shinge na ɗanyen gora, ga ɗan baƙin alade yana tura hanci ta tsakani.

Gwaggo ta fito da kwano a hannu. Ta gan ni a kan hanya, ta ajiye kwanon, ta tako har bakin darni ta tsaya. Ta yi ƙiba kaɗan, fuskarta ta washe.

"Kin iso? Kin rame."

"Gwaggo, wannan fa?"

"Aitaraj ne ya kawo, bayan tafiyarki. Kowane gida ya sa hannu."

"Amma na gaya miki sharaɗin."

"Kin gaya mini, na kuma ji."

"To yanzu ta ina zan shigo?"

Ta goge hannunta a zane, ta daɗe tana gogewa. Ba fushi a muryarta, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Ningwa, ke sau ɗaya za ki riƙa zuwa a shekara. Shi kullum yana nan."

Ɗan aladen ya ƙara tsananta kuka. Ta waiwaya ta dube shi, ta sake dubana.

"Tsaya nan, bari in zuba masa, sai in kawo miki shayi."

Ta juya ta ɗauki kwanon. Ina tsaye a kan hanya da mayafi a hannu, na ji ta jingina da shinge ta fara yi masa magana ƙasa-ƙasa.

"Ci a hankali, kai. Baƙuwa muka yi."