Ɗigon Baba Tela

Kwana tara da ambaliya, kowa a ajin da muka mayar masauki ya samu mai zuwa ɗaukarsa, ban da Baba Tela.

Aikina a teburin rajista ba wuya. In an tsamo mutum, sai in ɗaura masa wani abu kamar agogo a hannu, in tura wa danginsa saƙo. Suna buɗewa za su ga taswira da jan ɗigo daidai inda yake zaune. Na ga uwar da ta zo a guje ba ko takalmi saboda ɗigon nan.

Abin da mutane ba su sani ba, ina ganin duk wanda ya buɗe saƙon. 'Ya'yan Baba uku ne. Babban ya buɗe sau talatin da ɗaya. Mai bi masa kullum da safe, sai ka ce shan magani. Autar ma ba a bar ta a baya ba. Amma in na kira, duk cikinsu ba mai ɗagawa. Kowa leƙe yake ya ga ko wani ya ɗauke masa nauyi. Wallahi har ƙyamar kallon kwamfutar nake yi.

Shi kuwa Baba yana kan benci, yana ta ɗaga hannu saitin taga.

"'Yata, ko dai sabis ne babu a nan? Da yaran nan sun gani, da tuni sun zo."

"Sabis ne, Baba," na ce, na kau da kai.

Rana ta goma aka ce mu kwashe, ɗalibai za su dawo. Wanda ba a zo ɗauka ba, gidan kula da tsofaffi za a kai shi. Na shiga motar tare da Baba, yana riƙe da almakashinsa, iya abin da ya tsira da shi ke nan. Hanyar kuwa ta unguwar babban ɗansa take bi.

Ba mu yi minti biyar ba wayata ta yi ƙara. Babban ne. Na zaci kunya ce ta kama shi, na sa a sifika, Baba ya matso da kunne.

"Malama, lafiya? Na ga ɗigon ya nufo wajenmu. Ba fa a yi shawara da ni ba. Gidan nan ba wuri."

Baba ya janye kunnensa daga wayar. Ya miƙo min hannunsa.

"Cire min abin nan, 'yata," ya ce. "Bari su huta."