Bangon da Ya Ɗauki Talabijin da Ƙorai

Kantar da aka kafa wa talabijin ta ɓallo da rabin filastar bangon, kuma ba don Malam Henry ya tare da ƙirjinsa ba, da talabijin ɗin ta tarwatse a kan siminti. Yana tsaye a kan kujera, ya rungume ta kamar wanda ya ciro yaro daga rijiya, jar ƙasa tana zubo masa a ka.

"Kar ka motsa, Baban Serah," in ji matarsa Edna.

"In motsa in je ina? Zo ki kama ƙasan, hannuna ya mutu."

Suka sauke ta a kan kushin. Edna ta shafa gilashin da gefen zaninta, ta ga babu tsaga, sannan ta dubi ramin da mijinta ya bari a bango. Ranar Asabar ce. Gobe da yamma gidan talabijin zai nuna waƙoƙin da Zumuntar Mata ta ikilisiyarsu ta je ta yi a Kaduna, kuma Edna ta riga ta miƙe a gaban mata duka ta ce a falonta za a kalla. Ita ta zaɓi ankon da suka sa, kore mai ratsin ruwan ɗorawa, bayan Mama Hellen shugabar zumunta ta ce kalar ta yi kama da gonar masara. Talabijin ɗin Mama Hellen baƙi da fari ce. In aka kalla a can, duk ankon zai fito ruwan toka, magana ta mutu ke nan. Amma in aka bar tasu talabijin ɗin a kan tebur kuwa, layin gaba kaɗai zai gani, sauran su kalli ɗankwalayen juna. Dole ta hau sama.

"Na gaya maka a kira mai aikin," in ji ta.

"Kin ji kuɗin da mai walda ya faɗa."

Ta ji. Shi ya sa ta ɗaura zani ta sake shiga gari. Mai walda na bakin kasuwa bai rage ko sisi ba, ya ma ce aikin gaggawa kuɗinsa daban. Kafintan da ya yi musu bencin coci ya tafi Kagarko buga rufi. Wani ya yarda da araha, amma sai Litinin. Edna ta dawo ƙafafunta na zafi, ta tarar da Nene, matar Jibir mai shanu, wadda suke haya a gida ɗaya, tana wanke ƙwaryar nono a bakin famfo.

"Maman Serah, wa ya mutu?"

Edna ta zayyana mata. Nene ta yi dariya har ta dafa famfo.

"Je ki kira Baba Eli na bayan tasha. Shi ya gyara keken Jibir. Bai iya cin kuɗi ba, amma ki dafa da yawa, don a abinci yake fanshewa."

Baba Eli tsohon ma'aikacin reluwe ne, gajere mai farin gashin baki. Ya iso a kan keke da buhun ƙarafa, ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa, ya murtsuke jar ƙasar a tafinsa.

"Ticha, wannan bango kwalliya ne kawai a fuska. Ciki bulon ƙasa ne, ƙusa ba zai zauna ba. Sai mu huda har ɗaya gefen, mu sa katako a baya, mu ɗaure da noti."

"Nawa?" in ji Edna.

Ya faɗi kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba, ya ƙara da sharaɗi: gwaten acca cike da kwano yau, gobe kuma kujerar gaba. Edna ta kusa rungume shi.

"Me ke bayan bangon?" ya tambaya yana ɗaura ƙarfen huda.

"Sito ne," in ji Henry. "Buhunan dusa na Jibir."

Da can haka ne. Babu wanda ya tuna cewa tun farkon damina Nene ta kwashe dusar, ta share ɗakin, ta jera ƙoranta na aure a jikin wannan bangon. Baba Eli ya yi ta murɗa ƙarfe yana waƙar coci a hanci, har ƙarfen ya faɗa gaba da sauƙi. Daga can ciki aka ji ƙwal, sai ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana gangaro da ganguna daga kan dutse.

Edna ta ajiye muciya. Ba a jima ba labule ya ɗaga, Nene ta shigo riƙe da babbar ƙwarya mai zane, an huda ta fes kusa da baki.

"Wannan Innata ta ba ni ranar da aka kai ni gidan Jibir," in ji ta a hankali.

Henry ya dubi Baba Eli, Baba Eli ya dubi rufi. Edna ta ji anko da zumunta da talabijin duk sun fice mata daga kai.

"Nene, ki yafe mu. A toshe ramin yanzu, a bar aikin. Gobe sai mu tafi gidan Mama Hellen."

"Gidan wadda ta ce nonona ruwa ne?" Nene ta ɗaga ƙwaryar, ta leƙo Edna ta cikin hudar da ido ɗaya. "Baba, wane katako za ka sa a gefena?"

"Ɗan guntu haka."

"Ba na son guntu. Ka sa dogo, daga kusurwa zuwa kusurwa, ka yi mini kanta. Gara ta dame ni a ƙasa, tun yaushe nake roƙon Jibir. Wannan ƙwaryar kuma zan zura mata igiya, ta rataya a kan ƙarfenku. Ni ma a ajiye mini wuri gobe, kuma in shigo da fura in sayar wa matanku."

"Kanta biyu, kwano biyu," in ji Baba Eli nan take.

Kafin la'asar an gama. Talabijin ta hau kantarta a gefen Edna, ƙorai sun hau tasu a gefen Nene, dogayen ƙarafa sun ratsa bango sun ɗaure su tare. Baba Eli ya kama kantar ya yi lilo da dukan nauyinsa, ko gezau.

Ranar Lahadi falon ya cika har bakin taga. Baba Eli yana kujerar gaba, Jibir da Henry suna waje suna juya sandar eriya, mata na yi musu ihun "dama, dama, ya isa." Hoto ya washe. Sai ga matan zumunta a jere suna rausaya, kore ya cika gilashin, ratsin ɗorawa yana walƙiya. Falon ya kaure da guɗa, kowace na nuna hotonta da yatsa. Kyamara ta tsaya a kan Mama Hellen, baki buɗe har ana hango wushiryarta. Edna kuwa kunnenta ɗaya da gefen ɗankwali kawai aka kama.

"Kunnenki ya yi kyau, Maman Serah," in ji Nene tana dama fura.

Mama Hellen ta gyara zama, ta karɓi ludayi.

"Ni dama tun farko koren nan nake so. Ratsin ne na ce a duba."

Edna ta bar ta da hakan. Sai dariya take ta yi.

Ana cikin waƙa ta ƙarshe wata farar mota Fijo ta tsaya a ƙofar gida. Wani dogon mutum da ba wanda ya sani ya fito, da tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya ratsa tsakanin mata cikin ladabi har ya isa ƙarƙashin talabijin, ya dafa bangon.

"Ku ci gaba da kallonku, iyaye," in ji shi. "Sunana Mahfuz, ni na sayi gidan nan daga hannun magada. Ba zan tashi kowa ba tukuna. Wannan bangon na tsakiya kawai zan fara rushewa, in haɗe ɗakunan su zama shago."

Edna ta dubi Nene. Nene ta ajiye ludayi, ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta irin na mai shirin faɗa, don bangon nan ne ke ɗauke da ƙoranta.