Takardun Malam Ilu

Sau huɗu Nana Hauwa tana danna adireshin a wayarta, sau huɗu shafin 'yan cacar ƙwallo yana buɗewa, da wani ƙato yana washe haƙora. A nan ya kamata takardun kakanta Malam Ilu su fito: waƙoƙinsa na ajami da wasiƙun fataken Kurmi, waɗanda ta shekara uku tana ɗaukar hotonsu, tana juya su zuwa boko, tana bin kowane baiti da sharhi.

Da safen nan mahaifinta, Malam Sadiƙ, ya ce a karanta masa waƙar da Malam Ilu ya yi masa ranar da aka raɗa masa suna. Ciwon suga ya cinye masa idanu, likita kuma ya yi masa irin sallamar da ba a sa ranar dawowa. Ta ce masa kafin la'asar.

Adaidaita ya sauke ta a cibiyar binciken da ta yi wa aikin. Sabon darakta, Dokta Mikail, ko ɗagowa daga shayinsa bai yi ba.

"Malama, ai wannan aikin Turawa ne. Wa'adinsu ya cika, sun naɗe tabarmarsu. Wa kike so ya riƙe shafin? Ni?"

"To faifan ajiyar fa, ranka ya daɗe? A durowar nan na bar shi, da suna a jiki."

"Wani baƙi? Tun bara aka goge shi. Hotunan bikin yaye ɗalibai muka zuba." Ya kurɓi shayi. "Ke ma dai da neman magana. Ba ku ke da asalin takardun a gida ba? Ki sake ɗauka mana, wayoyin yanzu ma sun fi kyamarorinku."

Dokta Mikail irin mutanen nan ne da za su yanka ka, sannan su ba ka shawara kyauta. Ta yi masa godiya, don haka aka rene ta, ta fito.

Asalin takardun ba sa gida, ita ta fi kowa sani. Lokacin da aka gama aikin gara ta riga ta ci rabinsu, ana taɓawa suna zuba kamar garin kuka. Malam Sadiƙ ya ce bai dace sunan Allah ya riƙa zubewa ƙasa ana takawa ba. Abin da aka gada, takarda mai ayoyi in ta mutu a naɗe ta a farin ƙyalle a binne. Duk da haka ya yi ta jan ƙafa, sai da ya tambaye ta sau uku ko ta tabbata hotunan ba za su ɓata ba. Ita kuwa, da digirinta sabo fil da bakinta mai zaƙi, ta ce, "Baba, abin da ya shiga intanet ya shiga ke nan, har jikokin jikokinmu." Da hannunsa ya haƙa ramin a bayan zaure. Damina bakwai ta bi ta kai.

Ta iso gidansu a Dukawuya ana sallame la'asar. Mahaifinta yana kwance a soro, ya ji takunta.

"Nana ce? Kin zo min da Malam?"

"Na zo, Baba."

Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗaga wayar kamar mai dubawa, kunya da tsoro sun cika ta. Baiti biyun farko ta haddace, don su take rera wa baƙi a taro. Ta rera su. Tsohon ya lumshe idanun da ba sa gani, leɓensa yana motsi. Daga nan ba ta da komai. A da yaran gidan haddace waƙar suke yi tun daga farko har ƙarshe, ita ce ta ce a daina wahalar da su.

"Ci gaba mana, uwata. Wajen da ya ambaci sunana nake so."

Ta dubi wayar, ta dubi ƙasusuwan wuyansa.

"Baba, sabis ne ya ɗauke."

"Af, haka yake yi." Ya gyara matashi, ya juyo da fuskarsa wajenta yana murmushi. "To mu jira. Ai tana nan, ba inda za ta."