Matar Jikin Bango

A ɗakin awon jarirai akwai wani hoto manne a bango, daidai saman sikeli, wanda Sista ta tsana fiye da komai a asibitin. Wata matashiya ce rungume da jariri ɓulɓul, tana murmushi kamar wadda ba ta taɓa kwana a zaune ba. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: NONON UWA YA ISHI ƊA. Sista ba ta musun maganar, ita ma abin da take koya wa mata ke nan kullum har muryarta ta dushe. Murmushin ne ke ci mata rai. Ta sha roƙon shugabar sashe a cire shi, ana ce mata masu zuwa duba asibiti suna son ganin sa.

Ranar nan fanka ta mutu, layi ya kai bakin ƙofa, jarirai sai ka ce gasar kuka suke yi. Wata maijego ta matso, uwar mijinta na biye da ita riƙe da jaka. Sista ta gane su. Wancan zuwan ma nauyin yaron ya ragu, ta yi tambaya ba ta samu komai ba. Ta kwance masa zani ta ɗora shi. Allurar sikeli ta tsaya ƙasa da inda ta tsaya a baya, fatar cinyarsa ta yi yaushi, kukan ma a gajiye yake fitowa. In aka koma da yaron nan gida haka, Sista ba ta da tabbacin za a sake kawo shi awo.

"Ƙanwata, yana kama nono sosai?"

"Lafiya lau, Sista."

"Ruwan yana zuwa?"

"Lafiya lau."

"Ke fa, kina samun barci?"

"Lafiya lau."

Sista ta cije leɓe. A aikin nan ba abin da ya kai "lafiya lau" ba ta wahala. Mace za ta zo idonta ya faɗa, ka tambaye ta ta ce lafiya lau, domin tun kafin ta haihu an gama gaya mata cewa uwa ta gari ba ta ƙorafi. Ita kuma Sista an ba ta 'yan mintoci kan kowace mace, an ce ta yi fara'a, ta zama uwar kowa, kada ta kuskura ta ambaci madarar gwangwani a gaban jama'a. To, da me ake so ta tono gaskiya, da cokali?

"Ke ma dai, Sista, me kike so ta ce?" Uwar mijin ce ta karɓe zancen. "Uwa ai ba ta gajiya. Nawa na shayar ban taɓa cewa wayyo ba? Yaro ne mai ƙaramin jiki, haka ubansa yake. Ni dai gwangwani ba zai shiga gidana ba, maƙwabta su ce mun kawo wadda ba ta iya ci da ɗanta." Ta ɗaga hannu ta nuna bango. "Duk zuwan da muka yi sai na nuna mata baiwar Allahn nan. Dubi ɗanta, dubi fuskarta. Wannan ita ce uwa."

Maijegon ta ɗaga kai ta kalli hoton, ta sunkuyar. Kallon da ta yi masa shi ya ƙure haƙurin Sista, domin kallo ne na mai laifi a gaban alƙali.

"Mama, kin san matar nan?"

"A ina zan san ta?"

"Ni ce."

Tsohuwar ta dubi hoton, ta dubi Sista tun daga hula har ƙafafunta da suka kumbura da tsayuwa, ta kwashe da dariya. "Haba Sista! Ke da bakinki? Wannan fa yarinya ce son kowa."

Matan layi suka taya ta dariya. Sista ta matsa ƙarƙashin hoton, ta karkata kai, ta yage baki kamar yadda mai hoto ya koya mata shekarun baya. Wushiryarta ta bayyana, ga ta nan a bango, ga ta nan a bakinta. Dariya ta ɗauke.

"Ɗan ba nawa ba ne," in ji Sista, da ƙarfi don na baya su ji. "Aronsa aka yi a layi irin wannan, saboda ya fi kowa ƙiba. Nawa yana gida a lokacin, ya fi naku rama. Nonona ya ƙi zuwa yadda ya kamata, na sha duk abin da aka ce in sha, a banza. Sai da likita ya sa aka haɗa masa da madara sannan ya miƙe. Ranar hoton nan aka ce in yi murmushi, na yi, ana gamawa na shiga banɗaki na yi kuka har na gode Allah. Ɗan nawa kuwa yau sai ya sunkuya yake shiga ɗakina don tsayi."

A bakin ƙofa shugabar sashe ta tsaya, hannu a ƙugu, ta sha mur. Sista ta gan ta, ta san akwai kira zuwa ofis, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Uwar mijin ta gyara mayafi. "Awo muka zo, ba tatsuniya ba. Ke, ɗauko shi mu tafi."

Maijegon ta ɗauki ɗanta daga sikeli ta rungume. Sista ta tona asirin kanta a gaban duniya, ga shi za a tafi da yaron. Amma yarinyar ba ta motsa daga inda take ba.

"Sista," ta ce, murya can ƙasa, "ba ya zuwa. Ya yi ta tsotsa yana kuka, ni ma ina kuka. Ruwa nake ɗiga masa da cokali don ya yi shiru, kada Mama ta ji ta ce na kasa."

Tsohuwar ba ta ba da haƙuri ba, kuma Sista ba ta sa rai ba. Ta dai sake saɓa jakar, tana gunaguni a kan yaran zamani da zurfin cikinsu, ta tsaya a bayan surukarta maimakon ta nufi waje.

"Ba ki kasa ba," in ji Sista. "Zo mu je wajen likita yanzu, ya duba ku ke da shi."

Ta kama hannun maijegon suka nufi ƙofa. Matar jikin bango tana nan tana murmushinta, gobe ma za a nuna wa wata ita. Shugabar sashe ta tare hanya, ta dubi Sista sama da ƙasa.

"Sista, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya la..." Sista ta kama bakinta. Ta dubi yaron da ke numfashi a ƙirjin uwarsa. "A'a, ranki ya daɗe, ba lafiya ba. Ba mu hanya."